Gandu da Gayauna: Lacca a Kan Himma da Manufar Rayuwa



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mini, aka ce in yi magana a kan himma da manufar rayuwa, sai da na ɗan jinjina al'amarin, domin ni ba mai wa'azi ba ne, ba kuma masanin halayyar ɗan Adam ba. Sana'ata ita ce bin diddigin kalmomin Hausa da adabin Hausawa. To amma da na sake tunani, sai na ga ai harshe shi ne rumbun da al'umma take ajiye abin da ta gano game da kanta. Saboda haka daga cikin wannan rumbu zan ɗebo mafi yawan abin da zan faɗa yau.

Tambayar da nake so mu duba tare ita ce wannan. Ga mutum biyu a ofis ɗaya, takardar shaidarsu ɗaya, albashinsu ɗaya, shugabansu ɗaya. Na farko yana aiki kamar wanda ake ja da igiya, idonsa na kan agogo tun daga hantsi. Na biyu kuwa sai masinja ya zo rufe ƙofa sa'an nan zai tuna lokacin tashi ya yi. Mene ne yake cikin ƙirjin na biyun wanda babu shi a ƙirjin na farko? Haihuwarsa aka yi da shi, ko kuwa abu ne da ake iya shukawa?

Abin da Harshe Ya Ajiye

Bari mu fara da kalmomi. Marigayi Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya yi wata lacca a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a Amurka a 1974. Ya lissafa halaye goma, watau gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikinsu. Abin da na lura da shi kawai shi ne, mutum yana iya tara mafi yawansu yana zaune a dakali, bai cuci kowa ba, bai kuma amfani kowa ba. Akwai wani hali da yake ta da sauran tsaye ya sa su aiki, shi ne himma. Bahaushe bai manta da ita ba, shi ya sa ya ce himma ba ta ga raggo, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Kalmar himma daga Larabci muka aro ta, haka nan niyya. Kowane almajirin da ya buɗe Arba'una Hadisi ya san cewa hadisin farko a kan niyya yake magana, watau tun kafin a auna aiki ana auna abin da ya sa aka yi shi. Kalmar manufa kuwa tamu ce ta gado. Daga aikatau "nufa" aka gina ta, bisa ƙa'idar da ta ba mu makaranta daga "karanta", da marina daga "rina", da mahauta, da ma'aikata. Ke nan manufa ita ce inda mutum ya nufa, inda ya sa gabansa. Wanda ba shi da manufa yana iya yin tafiya mai nisa, ya gaji, takalminsa ya ƙare, amma ba za a ce ya isa ba, tunda dama babu inda ya nufa.

Wajibi ne kuma mu raba manufa da buri, domin ana yawan cuɗanya su. A yadda muke amfani da kalmomin nan, mai buri so yake ya zama wani: ya zama Babban Sakatare, ya zama Farfesa, a riƙa buɗe masa ƙofar mota. Mai manufa kuwa so yake ya yi wani abu: a samu ruwan sha a garinsu, yaran ajinsa su iya karatu. Buri yana ƙarewa ran da aka hau kujera, shi ya sa muke ganin mutumin da ya yi shekara ashirin yana fafutikar neman muƙami, da ya samu sai ya rasa abin da zai yi da shi. Manufa ba ta jiran kujera, ba ta kuma mutuwa in an sauka.

Sa'an nan ga zuciya. In Bahaushe ya ce wane yana da zuciya, ko ya san ciwon kansa, ya yabe shi ke nan. In kuwa ya ce zuciyarsa ta mutu, ya gama zaginsa, ko da mutumin yana da lafiya garau. A ɗaya ɓangaren kuma muna da "aikin ganin ido", wanda ake yi domin ana kallo, a daina da zarar an kau da kai. Harshen da ya ware wa wannan hali suna, lalle ya daɗe da sanin bambancin aikin da ya fito daga ciki da wanda aka ɗora daga waje.

Gona Biyu, Manomi Ɗaya

Misalin da ya fi fito mini da al'amarin fili a gona na same shi. Waɗanda suka tashi a ƙauye a cikinmu sun san tsarin gandu. Maigida da 'ya'yansa maza, wani lokaci har da ƙannensa, suna noma babbar gona tare, tun daga safe har wajen azahar. Daga amfanin gandun nan maigida yake ciyar da gida, ya biya haraji, ya sayi garma da hauya, ya yi wa samari aure. Bayan wannan kuma kowane saurayi akan yanka masa 'yar gona tasa ta kansa, ita ce gayauna, wadda yake nomawa da yamma ko ran da ba a fita gandu ba.

A gidanmu na ga abin da ya ɗaure mini kai ina yaro. Yayyena sukan fita gandu da safe, jikinsu da ƙarfi, rana ba ta yi zafi ba, amma sai mahaifinmu ya riƙa ɗaga murya kafin kunya ta kai ƙarshe. Mutanen nan dai su ne za ka gani bayan la'asar, sun riga sun gaji, suna duƙe a gayaunarsu har duhu ya hana su ganin ciyawa, ba wanda ya aike su, ba wanda yake tsaye a kansu. Hauya ɗaya ce, ƙasa ɗaya, hannu ɗaya.

Wani zai ce ai dalilin a bayyane yake, amfanin gayauna aljihunsu yake shiga. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin in aka yi lissafi, abin da saurayi yake samu daga gandu ya ninka na gayauna nesa ba kusa ba. Tuwon da yake ci shekara guda, da harajinsa, da sadakin matarsa, duk daga gandu suke. Da riba ce kaɗai take motsa mutum, da a gandu zai fi zage damtse. Abin da gayauna take da shi wanda gandu ba shi da shi abu uku ne. Shi ya zaɓi abin da zai shuka, gyaɗa ko barkono ko rogo. Da idonsa yake ganin ƙwarewar hannunsa, in ta yi kyau nasa ne, in ta lalace nasa ne. Kuma ya san fuskar wanda zai amfana, ko mahaifiyarsa da zai saya wa zane, ko yarinyar da yake nema. A taƙaice, a gandu yana cewa "an sa ni", a gayauna yana cewa "nawa ne".

Daga nan muna iya cewa abubuwa uku ne suke sa ɗan Adam aiki: tsoro, da kwaɗayi, da himma. Tsoro yana aiki muddin mai bulala yana tsaye. Kwaɗayi yana aiki muddin ana miƙo lada. Himma ita kaɗai ce ba ta bukatar mai gadi.

Abin da Masu Bincike Suka Gano

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan al'amari da irin ma'auninsu. A 1971 wani Ba'amurke, Edward Deci, ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi da ɗaliban jami'a. Ya ba su wani wasan wasa ƙwaƙwalwa mai gutsattsari bakwai da ake harhaɗawa su ba da siffofi iri iri, wasa ne da mutane suke jin daɗinsa ko ba a biya su ba. Ya raba su kashi biyu, suka yi zama uku. A zama na biyu ya riƙa biyan kashi ɗaya dala guda a kan kowace siffa da suka haɗa, a zama na uku kuma ya ce kuɗi sun ƙare. A tsakiyar kowane zama yakan fita ya bar ɗalibi shi kaɗai na minti takwas, ga wasan, ga mujallu a kan tebur, ana lura da shi bai sani ba. Waɗanda aka taɓa biya, da aka janye kuɗin, sai suka rage taɓa wasan, har ƙasa da yadda suke yi tun ba a fara biyansu ba. Waɗanda ba a taɓa biya ba kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

Gwajin farkon nan ƙarami ne, amma a 1999 Deci da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 128 suka nazarce su, suka ga lalle ladan da ake ɗaura wa aikin da mutum yake so tun asali yana iya raunana son. Shi da abokinsa Richard Ryan sun kuma bayyana cewa himmar cikin rai tana tsayuwa ne a kan bukatu uku: mutum ya ji da zaɓinsa yake yi, ya ji ya iya, ya ji yana da alaƙa da wasu. Jama'a za su lura cewa waɗannan su ne abubuwa ukun da muka tarar a gayauna. Abin da gwajin ya ƙara mana shi ne gargaɗi, watau ana iya ɗaukar gayaunar mutum a mai da ita gandu, ta hanyar koya masa cewa don lada yake yi.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Yanzu sai mu nemi wanda ya rayu a kan wannan tafarki, kada maganar ta tsaya a gona da ɗakin gwaji. Na zaɓi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin a sha'aninta tsoro da kwaɗayi duka sun fita daga lissafi. An haife ta a Ɗagel a 1793. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura tun tana ƙarama. Da al'amura suka daidaita, ga ta 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Babu wanda zai tilasta mata aiki, babu kuma wata ɗaukaka da ta rage mata ta nema. Da ta zauna a ɗakinta da littattafanta da tasbaharta har ƙarshen ranta, ba mai zarginta.

Amma akwai abin da ya tsaya mata a rai. Ƙauyukan daular cike suke da mata waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, da yawansu ba su san ko farillan addininsu ba, kuma matar aure mai goyo ba ta da halin barin gida ta tafi neman ilmi. Dabarar da Asma'u ta yi ita ce, ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa a naɗe da jan ƙyalle alamar izini. Jajin nan takan jagoranci ayarin tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su tako da ƙafa zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Tun da yake mafi yawan ɗaliban ba su iya karatun takarda ba, sai ta zuba darussan a cikin waƙa domin a hardace, ana daka ana rerawa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma mai da waɗansu waƙoƙi daga Fulatanci zuwa Hausa domin su isa ga talakawa.

A lura da abu biyu. Na farko, manufarta tana da fuska. Ba ta tashi da nufin gyara duniya baki ɗaya ba, wata mata ce take hange a wani ƙauye, wadda ba ta iya zuwa, sai ta nemi hanyar da ilmi zai je ya same ta. Na biyu, abin da aka gina a kan himma ya fi mai shi tsawon rai. Asma'u ta rasu a 1864, 'yar uwarta Maryam ta ɗauki aikin. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, tsarin mulki ya sauya, amma jajis ba su daina zuwa ba, har masu bincike na ƙarni na ashirin suka tarar da su suna rera waƙoƙin nan. Ba albashi, ba kasafin kuɗi, ba mai duba aiki. Asma'u ta nuna mana cewa "nawa ne" yana iya faɗaɗa har ya haɗa da gonar da ko zangarniya ɗaya ba za ta shiga rumbunka ba.

Darasin da Na Koya a Makare

Kada a ɗauka mai wannan magana ya tsira daga cutar da yake bayani. Na yi makarantar allo da bulala a kaina, na yi makarantar kwana da ƙararrawa da jarrabawa, na fita da sakamako mai kyau, har na ɗauka ni mai himma ne. Da na tafi ƙasar waje neman digiri na uku, sai aka ba ni ɗaki da katin laburare, aka ce in dawo in na rubuta wani abu. Babu ƙararrawa, babu mai kiran suna. Wata shida na yi ina fita da jaka ina dawowa, ban rubuta shafi goma na kirki ba. A nan na gane cewa shekara ashirin tura ni ake yi, da aka daina turawa sai na tsaya cik.

Abin da ya cece ni ba wata nasiha ba ce. Wani dare ne na sa faifan tatsuniyoyin da na ɗauko daga bakin wata tsohuwa a ƙauyenmu, bayan labarin rasuwarta ya iso mini. Ina sauraron muryarta sai na tuna cewa waɗansu daga cikin tatsuniyoyin nan yanzu ba su da wani mazauni sai wannan faifai da ke gabana. Tun daga daren nan aikin ya tashi daga neman takardar shaida ya koma riƙon amana, ban kuma sake bukatar mai tashe ni ba.

Ga Ma'aikata da Ɗalibai

'Yan uwana ma'aikata, akwai tarihin da ya sa da yawanmu muke kallon aikin gwamnati a matsayin gandun wani. Kakanninmu sun fara saninsa ne ta hanyar tilas. Da aikin dole aka shimfiɗa babban ɓangare na hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, kuma tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos ba da son ransu ba. Wanda aka kamo ta haka, in ya yi aikin ganin ido ba a ga laifinsa ba. To amma Bature ya tafi tun 1960. Gonar ta dawo hannunmu, halin ɗan gandu ne bai bar mu ba. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan teburinka, a cikinsa akwai tsohon malamin makaranta da yake jiran fanshonsa, ko ƙauyen da yake jiran rijiya. Ran da ka fara ganin fuskar da ke bayan takarda, ran nan teburinka ya zama gayauna.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa: malam, ana maganar himma ga wanda albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba? Wannan magana gaskiya ce, ba kuwa zan kauce mata ba. Hana ma'aikaci hakkinsa zalunci ne, kuma duk shugaban da ya fake da wa'azin himma domin ya danne albashi ya ci amana. Maigidan da bai ciyar da 'yan gandu ba, ba shi da bakin ce musu raggaye. Abin da nake cewa shi ne, albashi yana kawo mutum ofis, amma ba ya iya sa shi ya damu. Shugabanni kuma su sani, ma'aikacin da ba a barinsa ya yanke ko ƙaramar shawara, ba a nuna masa inda aikinsa ya ƙare, ba a kiransa sai ran da ya yi kuskure, an kashe masa zuciya ko nawa ake biyansa.

Ku kuma ɗalibai, ga awo mai sauƙi da kowa zai iya yi wa kansa a daren yau. Da za a ce an soke jarrabawa, kowa za a ba shi takardar shaida, wane littafi ne za ka ci gaba da karantawa? Wace matsala ce a garinku take hana ka barci, wadda karatun nan naka zai iya taɓawa? In ka sami amsa, ka riƙe ta da kyau, ka ba ta ko da sa'a guda kowace rana, yadda ake ba gayauna yammaci. In ba ka samu ba, kada ka firgita, kuma kada ka zauna jiran ta faɗo daga sama. Ni sai da na wuce shekara talatin na sami tawa, a tsakiyar aiki kuwa ta same ni, mai nema yana tare da samu.

Shugaban taro, na tambaya da farko ko himma haihuwar mutum ake yi da ita ko shuka ta ake yi. Amsata ita ce shuka ta ake yi, irinta kuwa shi ne mutum ya sami wani aiki da zai ce nasa ne, ya iya shi, ya kuma san wanda zai amfana. A nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma ina fata masu tambaya za su gyara mini.